Asfirin Ba Goro Ba Ne

Muna farawa da godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya gudanar da jini a cikin jijiyoyin ɗan Adam dare da rana, yana barci ko yana farke, ba tare da ya ɗora masa wahalar lura da shi ba. Bayan haka, ya ku ƴan'uwana mutanen Arewa, na gundumar Dogondutsi da na gundumar Tibiri, tun daga Dogonkirya da Matankari har zuwa Kore Mai Ruwa da Dumega, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ƴar farar ƙwaya wadda ba ta kai gujiya girma ba, wadda kowa ya san sunanta amma ƙalilan ne suka san haƙiƙaninta, watau asfirin, tare da ƴan'uwanta waɗanda jama'a suke yi wa kuɗin goro su kira su maganin tsinka jini.

Mu mutane ne da aka sani da kyauta, har ya zama abin kunya a wurinmu mutum ya ciro goro a cikin majalisa ya kai baki bai ɓara ya miƙa wa na kusa da shi ba. To wannan kyakkyawar ɗabi'a da muka gada kaka da kakanni ita ce muka ɗauka muka kai ta inda ba muhallinta ba, har ta kai ga in dattijo ya yi kukan nauyin kai ko faɗuwar gaba a gindin bedi bayan la'asar, sai abokinsa ya zura hannu aljihu ya ce masa, "Amshi wanga, Malam, ni ma shi lokotoro ya rubuta mini a Yamai." Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu yana sa albarka, alhali babu ɗayansu da ya san ko abin da aka miƙa ɗin garkuwa ne ko kuwa wuƙa.

Ba za a gane aikin wannan magani ba sai an fara sanin wata hikima da Ubangiji ya ajiye a cikin jini. Akwai waɗansu ƴan mitsi-mitsin halittu da ɓargo yake ƙerawa yana zubawa cikin jini, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma yawansu ya kai a sami daga 150,000 zuwa 400,000 a cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Ma'aikatan lafiya a ƙasarmu suna kiransu filaket. Mu kuwa bari mu kira su ƴan yaɓe, domin aikinsu daidai yake da na mai yaɓen rumbu, wanda da ya ga tsaga sai ya cuɗa laka ya liƙe ta kafin ɓera ko damina su riga shi. In lauje ya yanke ka a gona, su ne suke rugowa bakin raunin su manne da juna su toshe shi, sa'an nan sauran sinadaran jini su saƙa zare a kansu har ɓawo ya fito. Ba domin su ba, da askin wanzami kaɗai ya isa ya kai mutum kushewa.

Sai dai kuma ƴan yaɓe bayi ne masu biyayya waɗanda ba a ba su hankalin bambancewa ba. Yayin da shekaru suka tura, hawan jini ya daɗe yana dukan bangon jijiya, ciwon sukari da hayaƙin taba suka taya shi, kitse kuma ya yi ta taruwa a ƙarƙashin fatar bangon, wata rana sai wurin ya tsage daga ciki. Kuma tun da sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, nan take ƴan yaɓe za su ɗauka rauni ne irin na lauje, su taru su dunƙule a tsakiyar hanyar jini su datse ta. Duk wanda ya ga yadda ruwan farkon damina yake gangarowa daga duwatsun Dogondutsi da yashi da kara, ya cika magudanar da ke ƙarƙashin kwalta har ruwa ya rasa mafita, ya ga misalin abin da nake nufi. In jijiyar da ta toshe mai shayar da zuciya ce, sai mutum ya ji kamar an ɗora masa turmi a ƙirji, gumi ya karyo masa, zafin ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. In kuwa ta ƙwaƙwalwa ce, sai baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, ɓarin jiki ya shanye.

A nan ne maganin da muke zance yake shigowa, kuma sunan da muka laƙaba masa bai dace da shi sosai ba, domin ba ya mai da jini ruwa-ruwa kamar an ƙara wa fura ruwa. Abin da yake yi shi ne ya cire wa ƴan yaɓe danƙonsu, ta yadda za su yi nauyin haɗuwa. Duk ɗan yaɓen da asfirin ya taɓa ba ya komawa yadda yake har ya mutu, ajalinsa kuwa kwana 7 ne zuwa 10. Daga wannan mas'ala guda abubuwa da yawa suke fitowa: ita ce ta sa ɗan kaɗan ya wadatar, ita ce ta sa ake shan sa kullum domin ɓargo ba ya fashin aiko sababbi, kuma ita ce ta sa ko mutum ya daina sha yau, tasirinsa yana nan a jikinsa har kusan mako guda.

Shi asfirin tsohon magani ne. Wani masani mai suna Felix Hoffmann ne ya haɗa shi a kamfanin Bayer na ƙasar Jamus a 1897, aka fitar da shi kasuwa a 1899, watau shekarar nan da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya. Wanda ya san tarihin ƙasarmu ya san ba jiya ba ce. Amma shekara saba'in da ɗoriya duniya tana shan sa domin ciwon kai da zazzaɓi ba tare da ta san ta ina yake aiki ba, sai a 1971 wani Bature ɗan Ingila, John Vane, ya warware sirrin, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1982. Hujjar da ta yanke gardama a kan amfaninsa ga zuciya ta zo a 1988, lokacin da masanan Oksfod suka bayyana sakamakon gwajin da aka yi a kan mutum fiye da 17,000 waɗanda ciwon zuciya ya kayar: a cikin kowane 1000 da ba a ba asfirin ba, wajen 118 suka rasu cikin mako biyar, a cikin waɗanda aka ba kuwa wajen 94. Daga baya, a 2009, aka tattara gwaje-gwaje masu yawa aka ga cewa ga wanda ya taɓa yin ciwon zuciya ko shanyewar jiki, shan sa kullum yana rage haɗarin maimaituwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mai karatu ya lura, ragewa aka ce, ba a ce kawarwa ba, kuma ya lura da waɗanda aka yi maganar a kansu, watau mutanen da cutar ta riga ta ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Awon da ake ba irin waɗannan mutane ƙanƙane ne, galibi miligiram 75 zuwa 100 sau ɗaya a yini, alhali ƙwayar ciwon kai da ake sayarwa a tire takan kai 500. A farmasin ƙasarmu ana samun sa da suna Kardégic, gari ne a ƴar takarda da ake narkawa a ruwa, ko kuma Aspégic. Yana da ɗan'uwa mai suna kilofidogirel, wanda aka fi sani da Plavix, miligiram 75, shi ma danƙon yake cirewa amma ta wata ƙofa dabam, kuma lokotoro yakan ba da shi ga wanda asfirin bai karɓe shi ba, ko ya haɗa su biyu na wani ƙayyadadden lokaci, kamar ga wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya. Akwai kuma wani jinsi dabam, irin su Sintrom, da ake bayarwa domin gudan jinin da ke kumbura ƙafa ko domin zuciya mai bugun da ba tsari. Wannan ba a musanya shi da wancan, kuma ba a gama su sai da umarni.

Ina da kawu a wani ƙauye kusa da Matankari, manomi mai ƙarfi wanda bai san hanyar likita ba sai in ya raka wani. Wata kaka yana ɗaurin dami sai igiya ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya buɗe baki zai kira ɗansa maganar ta fito a tauna, kafin sa'a guda kuma komai ya koma daidai har ya so ya ci gaba da aikinsa. Da ƙyar ƴaƴansa suka lallashe shi aka kai shi likita, aka auna tansiyo, watau matsin jini a jijiya, aka tarar ta haura ƙwarai, aka tura shi Yamai aka ɗauki hoton kansa, aka ce masa wannan gargaɗi ne, ƙaramin gudan jini ne ya toshe jijiya ya kuma narke, aka rubuta masa maganin hawan jini da ƴan takardun nan na gari, aka ce kada ya yi fashi. Ya riƙe wata huɗu. Da na je gaishe shi na tambaye shi labarin magani, sai ya yi dariya ya miƙe hannun ya dunƙule ya buɗe a gabana, ya ce, "Ɗana, dubi nan. Mai lahiya ba shi shan magani." Na ce, "Kawu, ai shi ya tsare maka lafiyar." Ya ce in bar zancen in sha fura. Da damina ta kewayo, wata asuba yana alwala buta ta faɗi daga hannunsa, kuma wannan karon hannun bai dawo ba. Ranar da muke neman takardar likitarsa, sai muka ci karo da sauran maganin a cikin wani gwangwanin madara ƙarƙashin gado, tare da takardun haraji, ko buɗe kwalin ba a yi ba.

Kuskuren kawuna shi ne ya auna wannan magani da ma'aunin maganin zazzaɓi, wanda ake sha a ji sauƙi a ajiye. Wannan kuwa mai gadi ne, kuma alamar mai gadi yana aikinsa ita ce a wayi gari ba a ga komai ba. Wanda ya sallame shi domin ɓarawo bai zo ba ya yi wa ɓarawo bushara. Na san akwai waɗanda ba gafala ce take sa su daina ba, rashin kuɗi ne, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Irin waɗannan su faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya ba tare da jin nauyi ba, domin asfirin na cikin mafi arahar magunguna, kuma sau da yawa akwai samfurin da ba shi da sunan kamfani mai tsada amma aikinsu ɗaya.

Kawuna ya bar abin da aka umarce shi da shi. Ga kuma wanda ya ɗauki abin da ba a umarce shi ba. Wani maƙwabcina ɗan kasuwa, lafiyayye, ya ji saƙon murya a wayarsa cewa duk wanda ya haura arba'in ya riƙa shan asfirin kullum, sai ya sayi ƙwayoyin 500 wajen mai tire, yana haɗiya da shayin safe cikinsa babu komai, da dare kuma ya ƙara da diklofenak domin ciwon baya. Bayan ƴan makonni jiri ya fara ɗibarsa, tafin hannunsa ya yi fari, bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, kunya kuma ta hana shi faɗa wa ko da mai ɗakinsa, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu ya san inda yake. Asfirin yana raunana rigar da ke kare tumbi daga tsamin cikinsa, kuma ga shi ya riga ya ɗaure hannun masu yaɓe, don haka in gyambo ya buɗe babu mai toshe shi da wuri. Ba a nan kaɗai aka yi zaton asfirin kullum yana amfanar lafiyayye ba, Turawa ma sun daɗe a kansa, har sai da aka gwada a Ostareliya da Amurka a kan tsofaffi masu lafiya fiye da 19,000, aka bi su kusan shekara biyar, aka bayyana a 2018 cewa bai ƙara musu tsawon kwana cikin lafiya ba, zubar jini mai tsanani kuwa ta ƙaru. Malamanmu na fiƙihu sun san ƙa'idar auna maslaha da mafsada: ga wanda cutar ta taɓa kamawa maslaha ce ta rinjaya, ga lafiyayye kuwa galibi mafsada ce, kuma mai riƙe da ma'aunin shi ne lokotoro, ba mai tire ba.

Yanzu na iso ga maganar da na fi so a riƙe, ko da za a manta da sauran. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, ko da yake a ido kamarsu ɗaya: akwai wadda jijiya ta toshe, akwai kuma wadda jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A ƙasashen Turai ta biyun ƴar kaɗan ce, amma a wajenmu ba haka ba ne, domin binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, a kan majinyata fiye da 2000, wanda aka buga a 2018, ya nuna kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, kuma hawan jini shi ne babban sababi a duka biyun. To wanda jijiyarsa ta fashe, ƴan yaɓensa su ne kaɗai suke ƙoƙarin ceto shi a wannan sa'a, in ka ɗura masa asfirin ka kama hannun mai kashe gobara ke nan. Babu mai iya rarrabe su da ido, ko da lokotoro ne, sai da hoton ƙwaƙwalwa da ake kira sikana, irin wanda ake ɗauka a manyan asibitocin Yamai. Na san tsakanin Dogondutsi da Yamai ya fi kilomita 270, na san kuɗin mota da na hoto ba ƙaramin abu ba ne ga talaka, amma nisan hanya ba ya mai da jahilci ilmi. Wanda bakinsa ya karkace kada a ba shi ƙwaya, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin maƙogwaronsa ma yakan shanye abin ya faɗa huhu. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota ko amalanke a nufi likita mafi kusa, su kuma su san inda za su tura shi, ko asibitin gunduma, ko Doso, ko Yamai. Ciwon ƙirji hukuncinsa dabam ne, a nan ma'aikacin lafiya yakan ba mutum ƙwaya ya tauna tun kafin a ɗauke shi, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna cewa lamarin na masu sani ne.

A ƙasar Arewa in shanyewar jiki ta faru, wani zai ce Doguwa ce ta taɓa shi, wani ya ce jifa ne, a kwana uku ana hayaƙi da shafe-shafe. Ba ni da niyyar jayayya da kowa a kan gaibu, amma awon tansiyo ba gaibu ba ne, lamba ce da ake karantawa a fili, kuma addu'a ba ta ƙin shiga mota tare da majinyaci. Neman magani ba ya warware tawakkali, jiki kuwa amana ne da za a tambaye mu a kansa.

Wanda aka ɗora a kan wannan magani, akwai ladubban da suka wajaba a kansa. Ya sha bayan ya ci abinci, a lokaci guda kullum, in ya manta jiya kada ya ninka yau. A watan azumi ya mai da shi bayan buɗa baki ko sahur, tun da sau ɗaya ne. Kada ya gama shi da ibufurofen ko diklofenak ko ƙwayoyin gajiya marasa suna, in ciwo ya dame shi farasitamol ya fi masa aminci. Kafin cire haƙori ko fiɗa ya sanar da masu aikin, su ne za su ce ya dakata ko ya ci gaba. Haka kuma ya ji tsoron ƙaho da tsaga da sakiya, ya gaya wa wanzaminsa gaskiya tun bai wasa aska ba. In ya ga baƙin bayan gida, ko aman jini ko mai kama da dusar gahawa, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko ya faɗi daga babur kansa ya bugu, wannan ba abin jiran wayewar gari ba ne. Mai gyambon ciki da mai fuka su ambaci lalurarsu tun kafin a rubuta musu.

Yara kuwa ba a ba su asfirin domin zazzaɓi ko mura, saboda yana iya jawo musu wata cuta mai kama hanta da ƙwaƙwalwa. Iyaye mata su kiyaye wannan. Mai juna biyu ma ba ta shan sa da ra'ayin kanta, ko da yake akwai matan da ake jiye wa jijjiga, waɗanda ake rubuta wa ɗan ƙaramin awo a wajen awon ciki, kuma wannan hukuncin ungozomar likita ne da lokotoro.

Kada kuma wani ya ɗauka asfirin maganin hawan jini ne. Ba ya sauke tansiyo ko da ɗigo, hasali ma shan sa alhali tansiyo tana sama yana ƙara haɗarin fashewar jijiya. Tushen cutar yana cikin tukunyarmu da aljihunmu: gishiri da dunƙulen miya da muke zubawa ba awo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi, sai kuma taba, ta hayaƙi da ta leɓe. Hawan jini kuwa yakan shekara goma a jikin mutum bai yi masa sallama ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in Allah ya ba ka ilmin karanta wannan takarda, ka karanta wa mahaifinka da gwaggonka da waɗanda kuke zaman majalisa tare. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin ka shiga cikin rumfuna, ka ratsa ta likita a auna maka tansiyo, in ta kai 14 bisa 9 ka koma a sake aunawa, ka kuma bi abin da aka ce maka. In akwai wata ƙwaya a aljihunka da wani ya ba ka don zumunci, ka tafi da ita a cikin takardarta ka nuna wa ma'aikacin lafiya tun ba ka sake haɗiyar ta ba.